Ko ka sani? Daga injin tace madara aka samu bututun roka

A ƙasar New Zealand da wuya a yi taron cin abinci ba a ga wani haɗi a kwano ba. Gwangwanin kirim na Nestlé ne ake juyewa, a zuba garin miyar albasa na Maggi, a ɗiga lemon tsami, a sa a firji ya yi kauri, sai a riƙa dangwala soyayyen dankali. Wata ma'aikaciyar kicin ɗin gwaji na kamfanin Nestlé, Rosemary Dempsey, ita ta ƙirƙiro shi. A Brazil da Meziko ma ana zuba irin wannan kirim a miyar nama da kayan zaƙi.

Amma abin mamakin yana wajen injin da ke fitar da kirim ɗin daga madara.

A da, sai a zuba madara a faffaɗan kwano, a bar ta ta kwana, maiƙon ya taso sama a kwashe. Kafin a gama jira wani lokaci ta yi tsami. A 1878 wani injiniya ɗan Suwidin, Gustaf de Laval, ya ƙera injin da ke wulwula madara da tsananin gudu. Ruwan madarar ya fi nauyi, sai ya watsu gefe, maiƙon kuma ya taru a tsakiya, kowanne ya fita ta hanyarsa ba tare da an tsayar da injin ba. A 1883 shi da abokinsa Oscar Lamm suka kafa kamfanin da yau ake kira Alfa Laval.

To, injin yana son gudun da injinan tururi na wancan zamani ba su da shi. Sai de Laval ya koma ƙera wata ƙafa mai fukafukai wadda tururi zai riƙa bugu tana juyawa. Don tururin ya fito da ƙarfi, a 1888 ya yi masa bututu mai siffar kalangu: faɗi a baki, matsattsen ƙugu a tsakiya, sannan ya sake buɗewa. Hankali zai ce idan hanya ta buɗe gudu zai ragu. Ina! Da zarar tururin ya kai gudun sauti a ƙugun nan, buɗewar hanyar ƙara masa gudu take yi, ya fito ya zarce sauti. Ƙafar ta riƙa juyi dubu goma-goma a minti ɗaya, har sai da ya haɗa mata giya don rage gudun kafin a iya amfani da ita.

Wannan bututun ne Ba'amurke Robert Goddard ya ɗauka ya liƙa a gindin rokokinsa, ya ga ƙarfinsu ya ninka. A ranar 16 ga Maris 1926 ya harba roka ta farko mai amfani da man ruwa, a wata gona a jihar Massachusetts. De Laval bai gani ba, ya rasu tun 1913. Manyan injina biyar da suka ɗaga rokar Saturn V daga ƙasa a 1969, da 'yan sama jannatin Apollo 11 a ciki, kowannensu da wannan ƙugun ya tashi, kuma har yau rokokin da ke kai tauraron ɗan'adam sama da shi ake ƙera su.