Awon Saurin Tsarin Ajiyar Bayanai a Harsunan Kwamfuta Daban-daban

Duk wanda ya ƙera wa kwamfuta tsarin ajiyar bayanai, lalle ne ya auna saurinsa kafin ya dogara gare shi. Sai dai awon nan yana da wuyar sha'ani, gama tsari guda ya kan yi sauri a wannan harshe, ya yi nawa a wancan.

Mu ɗauki misali da ƙamusun Bargery na 1934, mai kalmomi wajen 39,000. In an jera su bisa abacada, ana raba jerin biyu-biyu wajen nema, ba za a wuce taki 16 ba sai an sami kalma. Wannan lissafi ɗaya ne a kowane harshe. Amma ƙidayar taki ba ita ce ƙidayar lokaci ba.

Dalili na farko shi ne yadda a ke ajiye haruffa. A tsarin UTF-8, wanda harsunan Go da Rust su ke bi, "kasa" bayit 4 ce, "ƙasa" kuwa 5, domin ƙ tana cin biyu. Amma Python tun 2012, da Java tun 2017, in suka tarar da ɓ, ɗ ko ƙ a kalma, sai su ba kowane harafinta bayit biyu, watau "ƙasa" ta zama 8. Saboda haka wanda ya yi gwaji da kalmomin Ingilishi kaɗai, bai auna abin da Hausa za ta ci ba.

Na biyu shi ne wurin zama a cikin ma'ajiya. Yawancin injunan yau su kan ɗebo bayit 64 a lokaci guda. Bayanan da ke jere kafaɗa da kafaɗa, kamar yadda harshen C ya ke iya shimfiɗa su, ana samunsu a ɗiba ɗaya. Waɗanda ke warwatse kuwa sai an yi ta kai da kawowa.

Na uku, Java ta kan fara aiki a hankali, sa'an nan ta mai da sassan da a ke yawan bi zuwa harshen inji. Wanda ya auna zagayen farko ya zalunce ta. Haka kuma ta kan dakata jefi-jefi domin share ma'ajiya, dole a sa wannan cikin lissafi.

Ka'idar awo ke nan: inji ɗaya, kalmomi iri ɗaya, a maimaita sau da yawa, a bayyana matsakaicin lokaci tare da tazarar da ke tsakanin gwaje-gwaje. A auna ma'ajiyar da aka ci, ba sauri kaɗai ba, gama ƙamusun da ya yi gudu a babbar kwamfuta yana iya gagarar ƙaramar wayar ɗalibi. Malamin da ya koya wa ɗalibansa wannan ya tsare su daga gaskata alƙaluman da ba a faɗi mudun da aka auna su da shi ba.