Wa ke duba aikin malamar da ke ba ku shawarar tazarar haihuwa?

Idan kuna zuwa ƙaramin asibiti a Wurno, Rabah ko Goronyo, da wuya ku tarar da likita. Galibi wadda za ta karɓe ku ma'aikaciyar lafiyar al'umma ce, irin waɗanda ake horarwa a kwalejin fasahar lafiya ta Gwadabawa. Kuna da haƙƙin sanin wanda ke tabbatar da ƙwarewarta.

An yarda ta sa ashana?

An yarda, idan ta samu horo. Ashana ɗan siririn abu ne mai laushi da ake sawa ƙarƙashin fatar damtse don hana ɗaukar ciki: Implanon na aiki shekara 3, Jadelle shekara 5. A 2014 gwamnatin tarayya ta fito da tsarin raba ayyuka, wanda ya buɗe wa waɗannan ma'aikata ƙofar yin wannan aiki saboda ƙarancin likitoci da ungozomomin asibiti a karkara. Sakkwato da Bauchi na cikin jihohin da aka gwada shi, ƙarƙashin shirin TSHIP na tallafin Amurka.

Mene ne sa ido mai taimako?

Wata ƙwararriya ce ke zuwa daga ƙaramar hukuma ko hukumar lafiya a matakin farko ta jiha, ta zauna da malamar a bakin aikinta. Za ta ga yadda take wanke hannu da tsabtace kayan aiki, ta buɗe rajista, ta ƙirga allurai da ƙwayoyin da suka rage. Sannan ta saurari yadda take magana da mace: ta bayyana mata duk hanyoyin, ko guda ɗaya ta tura mata? Ta faɗa mata cewa jinin al'ada na iya rikicewa a watannin farko? Inda aka ga kuskure sai a gyara nan take, a kan hannun roba na koyo.

A ganina, babban gwajin shi ne cirewa. Sa ashana ba ya ɗaukar lokaci, amma fitar da wadda ta nutse sai hannun da ya saba, kuma horon mako guda a ɗakin taro ba ya samar da shi. Matar da ta nemi a cire mata aka yi ta ce mata ta dawo gobe, labarinta zai zagaye ƙauye kafin kasuwa ta ci.

Mai sa ido za ta kalle ni lokacin da ake duba ni?

Sai da izininku. Kuna iya cewa a'a, kuma hakan ba zai hana a kula da ku ba.

Nawa za ku biya?

Tun 2011 kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati, ko da yake wani wuri akan ce ku sayo safar hannu ko auduga idan sun ƙare. Ziyarar masu sa ido ba a aljihunku take ba. Kuɗin mai da mota na kan hukuma, kuma nan ne aikin ke yawan tsayawa, ga matsalar 'yan bindiga da ta sa wasu hanyoyin gabashin Sakkwato suka yi wuyar bi. Idan kun daɗe ba ku ga kowa ya zo duba asibitinku ba, ku kai maganar ga kwamitin raya mazaɓarku, domin bibiyar asibitin na cikin aikinsa.