Ruwa Garau, Idanu Jajawur

Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Garwa ba ya bukatar a ba shi labarin zafi. Ma'auni kan haura digiri 40, iska ta tsaya cik, hankalin yara kuma ya koma Binuwai. Iyaye suna da hujjar hana su: ga zurfi, ga dorina, ga kuma tsargiya, cutar nan mai sa yaro fitsarin jini, wadda ta daɗe da zama a bakin kogi da kewayen madatsar Lagdo. Saboda haka ne wasu masu hali suke gina kwamin ninƙaya, wato pisin, a cikin gida. Niyya ce mai kyau. Sai dai ruwan da aka tsare wuri guda, rana na dukansa, yara goma suna shiga suna fita, yana da nasa haƙƙin, kuma a nan ne akan samu sakaci.

A wata bazara na kai 'ya'yana gidan wani ɗan'uwa mai irin wannan kwami. Ruwan garau, har kana iya ƙirga tayil ɗin ƙasa. Kafin la'asar idanun yaran sun yi jajawur, ƙaramarsu kuwa ta kwana biyu tana kukan kunne. Da na tambayi mai gadin da ke kula da ruwan, sai ya ce: "Haba Malam, ai kullum da safe sai na tuttula jabel. Ba ka ji warinsa ba?" Na ji kuwa. Abin da ni da shi ba mu sani ba a lokacin shi ne, warin nan hujja ce a kan ruwan, ba hujja gare shi ba.

Tun muna ƙanana aka koya mana duba ruwa ta launi da ɗanɗano da ƙamshi. Wannan ma'aunin tsarki ne, kuma yana nan a matsayinsa, amma ƙwayar cuta ba ta da launi. Annobar kwalara ta 2010, wadda ta yi ɓarna a yankin Arewa Mai Nisa da namu na Arewa, ta koya wa gidaje da yawa ɗiga jabel a ruwan sha. Alheri ne babba, sai dai ya bar mu da zaton duk inda jabel ya shiga magana ta ƙare.

Abin da ke aiki a cikin jabel shi ne sinadarin kulorin. Idan ya haɗu da gumi da fitsari da man shafawa, sai ya ɗaure da su, ya koma wani abu mai ƙarfin wari da raunin aiki, mai yaji a ido. Ashe kwamin da ke buga hanci, sau da yawa kulorinsa mai aiki ya yi ƙaranci ne, ba yawa ya yi ba. Abin da ake so shi ne miligiram 1 zuwa 3 na kulorin mai aiki a kowace lita. Lissafin ba shi da wuya. Kwami mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita ɗaya da rabi yana cin lita 48,000. Don a ɗaga kulorinsa da miligiram 1 a lita, kimanin giram 70 na garin kulorin, irin wanda ake kira HTH, ya isa. Mai zubawa da ido ba zai taɓa sanin inda ya tsaya ba.

Adadi na biyu ya fi na farko ɓuya, kuma shi ne ke mulkinsa. Ana ce masa pH, wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Sørensen ne ya tsara shi a 1909. Uwargida ta san ma'anarsa tun kafin ta ji sunan: idan yakuwa ta yi tsami, kanwa ake jefawa ta kashe shi. To, pH awon wannan ja-in-ja ne tsakanin tsami da kanwa. Bakwai ita ce tsakiya. Ƙasa da ita tsami, sama da ita ɓangaren kanwa. Ruwan ninƙaya yana son zama tsakanin 7.2 da 7.6. A 7.5 kusan rabin kulorin ne ke da kaifin kashe ƙwayoyin cuta. Idan ruwan ya kai 8, abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Shi kuwa jabel ɗan ɓangaren kanwa ne, haka ma ruwan foraj da yawa. Wato mai gadin nan, da yake ta tuttulawa ba tare da awo ba, kuɗin maigida yake ƙonawa, ruwan na gaba da shi. Idan kuma aka zarce wajen tsami, sai ruwan ya shiga cin simintin tayil da ƙarfen famfo.

Sai rana. Hasken ranar Garwa kan cinye mafi yawan kulorin cikin 'yan sa'o'i, don haka zubin magariba ya fi na safe amfani. Dunƙulen kulorin da ake sayarwa kamar ƙosai yana ɗauke da wani sinadari mai kare shi daga rana, amma shi ma da sharaɗi: mai kariyar ba ya ƙarewa, taruwa yake yi, har ya kai ga dakushe kulorin ɗin. Ba shi da magani sai a zubar da wani kaso na ruwan a ƙaro sabo. Ƙurar hunturu da ruwan farkon damina su ma sukan rikita awo, haka ɗaukewar wuta, domin ruwan da famfo bai juya shi ta cikin matatar yashi ba, gansakuka ba ta jinkirin kama shi.

Duk wannan ana gane shi da ɗan akwatin gwaji, ko takardar da ake tsomawa ta sauya launi. Minti biyu ne aikin, kuma a bazara kullum ya kamata a yi shi. A ganina, wanda ya iya gina kwami amma ya ƙi sayen wannan, ya sayi doki ne ya bar linzami. A fara daidaita pH, a bar famfo ya juya ruwan, sannan a zo kan kulorin.

Akwai gargaɗin da nake roƙon iyaye su karanta wa masu aikinsu da bakinsu. Asid ɗin da ake sauke pH da shi, kada a kuskura a gauraya shi da jabel ko garin kulorin, ko a bokiti ɗaya, ko da cokali ɗaya. Haɗuwarsu na fitar da hayaƙi mai guba, irin wanda aka yi yaƙi da shi a Turai a 1915. Asid ake zubawa a cikin ruwa, ba ruwa a cikin asid ba. A ajiye su nesa da juna, a inuwa, a ɗakin da ke da makulli.

Kulorin kuma ba ya gama komai nan take. Akwai ƙwayar gudawa da ke iya yin kwanaki a ruwan da awonsa ya cika, saboda haka yaron da cikinsa ya ɓaci ba ya shiga, ko da zai yi kuka, kuma kowa ya watsa ruwa kafin ya faɗa. Wanda zai yi tafiyar hutu zuwa Ngaundare ko Yawunde, in ba shi da amintaccen da zai riƙa awo, gara ya rufe kwamin ruf da tamfol, ya kulle ƙofar wurin saboda ƙanana. In ba haka ba, kafin ya dawo sauro ya riga ya yi ƙwai a ciki, makwabta kuma su ne farkon shan cizo.