Anna da Mahaifinta: Jinyar Shekara 16

 Shirinmu na musamman na yau zai leƙa birnin Vienna na ƙasar Ostiriya, gidan wani mutum da duniya ta san sunansa, ba ta cika sanin wadda ta yi jinyarsa ba.

A farkon shekarar 1923, Sigmund Freud, shahararren masanin halayyar ɗan Adam, yana da shekara 66, ya ji wani tsiro a ganɗarsa ta dama. Mashayin taba ne na gaske, yakan zuƙi manyan sigari kusan 20 a rana. Ya ja bakinsa ya yi shiru wajen wata biyu. A watan Afrilu ya je asibiti aka yanke tsiron ba tare da ya gaya wa iyalinsa ba, sai kiransu aka yi, suka tarar da shi jina-jina. Autarsa Anna, mai shekara 27, ta ce ba inda za ta, nan ta kwana.

Likitansa ya gane ciwon daji ne, amma ya ɓoye masa, irin dai abin da dangi kan yi su ce kada a gaya wa Baba, hankalinsa zai tashi. Da gaskiya ta fito, amana ta lalace a tsakaninsu, har likitan ya daina duba shi. Shi ya sa da Freud ya ɗauki sabon likita, Max Schur, a 1929, sharaɗin da ya fara gindaya masa shi ne kada ya ɓoye masa komai. Mutumin da za a cire wa rabin muƙamuƙi ai ya cancanci ya san dalili.

A watan Oktoba na 1923 likitan tiyata Hans Pichler ya yi babban aikin. Ya cire kaluluwar wuya, da wani ɓangare na muƙamuƙi da ganɗa, har kogon baki da na hanci suka haɗe. Aka ƙera masa wani murfi na roba mai tauri da zai toshe wurin don ya iya ci da magana. A gidan, dodo suke ce wa wannan abu. Kullum sai an ciro shi an wanke an mayar, kuma bakin ba ya buɗuwa sosai, har yakan sa abin maƙale shanya ya buɗa haƙoransa kafin sigari ta shiga. Idan murfin ya ƙi zama, Anna ce ke fama da shi.

Ba hannu kaɗai ta ara masa ba, har da murya. Maganarsa ta daina fita tar, don haka ita ke karanta takardunsa a tarukan masana. A 1930 ita ta je Frankfurt ta karɓo masa lambar yabo ta Goethe. Aka yi ta yi masa tiyata fiye da sau 30, har suka tsere wa 'yan Nazi zuwa Landan a 1938, inda ya rasu ranar 23 ga Satumba, 1939. Tabar kuwa bai bari ba.

Yau aikin ya sauya. Tun 1989, lokacin da likita David Hidalgo na birnin New York ya bayyana dabarar, ana iya ɗauko siririn ƙashin gefen ƙwauri tare da jijiyoyin jininsa a gina sabon muƙamuƙi. Sai dai nauyin da ke kan mai jinya yana nan yadda Anna ta san shi.

Bayan irin wannan tiyata, uwa ko uba kan farfaɗo da bututun abinci a hanci, wani lokaci da huda a maƙogwaro don numfashi, babu halin magana na kwanaki. A tanadi takarda da biro. Idan Inna ba ta rubutu, a zauna da ita tun kafin a shiga tiyata a tsara alamu: yatsa ɗaya zafi, biyu ƙishirwa, uku a kira nas. Ranar da likita ya ce a fara ci ta baki, sai abu mai ruwa-ruwa mai gina jiki, kamar kunun gyaɗa da madara, ko miyar da aka tace, ba yaji, ba zafi, a zaune, cokali-cokali. Tari ko ƙwarewa wajen haɗiya abin faɗa wa likita ne nan take. Kada a yi musu tsawa don sun ture kwano. Mutumin da ya ciyar da gida shekara da shekaru, yau yawu na zuba masa a gaban 'ya'yansa, kunya ce ke cinsa.

Idan an rubuta gashi, wato ƙona ciwon da na'ura, yawanci mako shida ne, kwana biyar a kowane mako, kuma an fi so a fara cikin mako shida bayan tiyata. Likitan haƙori ya fara duba bakin tukuna. Gashi na busar da yawu, yana kawo gyambo, yana ɗaure muƙamuƙi, saboda haka atisayen buɗe baki na kullum ba abin wasa ba ne. 'Yan'uwa su raba kwana, don mutum ɗaya ba zai iya ba.

Ƙididdigar 2022 ta nuna kusan mutum 390,000 suka kamu da ciwon dajin leɓe da baki a duniya, wajen 188,000 suka rasu. Taba ce kan gaba wajen jawo shi, ta zuƙa ko ta cusawa a leɓe irin tumbak na Sudan, sai giya. Gyambon baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, ko farin tabo ko ja, a kai asibiti. Bayan an sallamo mai ciwon kuma, a shekara biyun farko ciwon ya fi dawowa, don haka katin ganin likita ya zauna a hannun wanda ba ya mantuwa a cikin 'ya'yan.