Lissafin Noman Gadarif: Ana Ƙidaya Buhu, An Manta Da Burtali

Duk wanda ya leƙa kasuwar amfanin gona ta Gadarif da ke gabashin Sudan a lokacin kaka, zai ga dalilin da ya sa ake kiran wannan jiha rumbun ƙasa. Ga buhunan dawa da na riɗi jibge, ga 'yan kasuwa da ma'aikata kowa riƙe da littafinsa. Sai dai mu da aikin rediyo ke kai mu ƙauyuka mun daɗe da lura cewa akwai wani lissafin da ba ya shiga waɗannan littattafai.

Noman tarakta ya fara ne a yankin Gadambaliya wajen 1945, zamanin Turawan Ingila. A 1968 aka kafa hukumar noman injina da tallafin Bankin Duniya, aka riƙa yanka wa masu hali gonaki na fadan 1,000 ko fiye, shi kuwa fadan ɗaya ya ɗan ɗara eka guda. Sai dokar 1970 ta mayar da duk filin da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, alhali galibin ƙananan manoma da makiyaya ba su taɓa riƙe takardar fili ba.

Tun daga nan ma'aunin nasara ya zama fadan nawa aka nome, buhu nawa aka samu. Ba a rubuta itatuwan ɗakwara masu ba da ƙaro da aka tumɓuke ba. Ba a rubuta burtalin da gonaki suka cinye ba, wanda Shukuriyya da Lahawiyyin da Fulani ke bi da dabbobinsu zuwa Butana da damina, su gangaro kogin Rahad da rani. Haka nan babu shafin matar da tafiyar neman itacen girki ta ƙara mata nisa, ko na leburan yankan riɗi da ake kira jango, ko na 'yan'uwanmu Hausawa masu lambu a bakin kogi.

Dokar gandun daji ta 2002 ta tanadi a bar kashi 10 cikin 100 na kowace gonar damina ga itatuwa. To, wa ke zuwa ya ƙidaya? Idan mai gona ne zai auna kansa ya kuma ba kansa maki, ai an san sakamakon. Ga shi yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya koro ɗimbin jama'a zuwa jihar, buƙatar gawayi da ruwa ta ƙaru.

Akwai abin koyi a Indiya. Tun 1994 talakawan jihar Rajastan suka fara taruwa a dandali ana karanta masu takardun kashe kuɗin ayyuka, kowa ya tashi ya gaskata ko ya ƙaryata. A 2005 dokar samar da aiki a karkara ta ƙasar ta wajabta irin wannan bincike na jama'a.

Mu ma ba abin da zai hana mu. Bayan kowace kaka a yi zama a kowace ƙaramar hukuma, a karanta yawan filin da aka nome da na itatuwan da aka bari, cikin Larabci da Hausa da Fulatanci da sauran harsunan yankin, rediyo kuma ta watsa. Makiyayi ya faɗi inda burtali ya toshe, mata su faɗi nisan ruwa da itace, lebura ya faɗi ladansa, mai babbar gona shi ma ya kawo bashin banki da tsadar man dizal da ke wuyansa. Ba dole ne a mayar da komai kuɗi ba, kuma ba dole ne bakin kowa ya zo ɗaya ba. Inda aka saɓa, a rubuta saɓanin yadda yake.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna kira ga hukumomin noma da na gandun daji da ƙungiyoyin manoma da makiyaya su buɗe littafin nan ga kowa tun ƙasa ba ta gaji ba. Allah Ya sa mu dace.