Yawan Ƙasusuwan Dainoso Ba Shi Ne Yawan Dainoso Ba

Duk wanda ya duba jerin nau'o'in dainoso da masana suka gano zai ɗauka Amurka da Sin ne suka fi kowa yawan waɗannan dabbobi. Amma jerin yana nuna inda aka fi tono ne. Kafin ƙashi ya zama dutse har a gano shi, sai laka ko yashi ya binne gawar da wuri, zaizayar ƙasa ta fito da shi bayan miliyoyin shekaru, sannan a samu mai kuɗi da ilimin zuwa nemansa. Gadufawa a jihar Agadez shaida ce. Daga ƙasusuwan can masani Philippe Taquet ya bayyana Ouranosaurus a 1976, masani Paul Sereno kuma ya sanya wa Nigersaurus suna a 1999. Dabbobin nan suna kwance cikin yashi tun fiye da shekaru miliyan 100. Masu tono ne suka makara.

Shi ya sa masana ke ɗebo samfuri daidai wa daida daga kowane zamani kafin su ƙirga nau'o'i, ko su auna adadin da yawan duwatsun zamanin da ke a fili. Wasu na cewa wannan gyara yana watsar da hujjar da aka sha wahalar tonowa, yana iya shafe bambanci na gaskiya. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin lissafi ba ya maye gurbin ƙashin da ba a tono ba. Sai dai ƙirgen da ba a gyara ba ya fi ɓatarwa, musamman a muhawarar ko dainoso sun fara raguwa kafin dutsen saman da ya kawo ƙarshensu ya faɗo shekaru miliyan 66 da suka wuce, tunda galibin hujjar ƙarshen zamanin daga Arewacin Amurka ta fito. Lallai a ƙara tono a Afirka.