Quanah Parker, Sarkin Yaƙin Komanci

Duk mai zuwa sinima ya saba ganin Jajayen Indiyawa na Amurka bisa dawaki suna ihu, ana harbe su, wasa ya ƙare. Amma ba a nuna mana yadda suka zauna bayan an ci su da yaƙi. Shi ya sa na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin wani jarumi na kabilar Komanci, ana ce da shi Quanah Parker.

Uwarsa Baturiya ce, sunanta Cynthia Ann Parker. Komanci suka kama ta a Teksas cikin 1836 tana yarinya, ta girma a hannunsu, ta auri wani shugabansu, Peta Nocona. Cikin 1860 Turawa suka ƙwato ta, suka mai da ita wurin danginta ba da sonta ba. Har ta rasu ba ta sāke ganin ɗan nan nata ba.

Komanci makiyayan dawaki ne, mafarautan ɓauna. Naman ɓauna shi ne abincinsu, fatarta kuwa ita ce ɗakinsu. Da Turawa masu neman fata suka shiga karkashe ɓauna, sai Quanah ya kai musu hari a Adobe Walls cikin 1874, amma bindigoginsu masu cin nesa suka kore shi. A shekaran nan kuma Kanar Mackenzie ya auka wa sansaninsu a kwazazzabon Palo Duro, ya sa aka harbe dawaki fiye da 1,000. To, ba doki, ba ɓauna, ina yaƙi? Cikin watan Yuni 1875 Quanah ya kawo mutanensa Fort Sill, suka ajiye makamai, aka zaunad da su a ƙasar da Gwamnati ta keɓe musu, inda ya ke jihar Oklahoma yanzu.

Daga nan ne labarinsa ya fi ba ni sha'awa. Da can Komanci ba su da sarki guda, kowane rukuni da nasa shugaba. Gwamnati ce ta naɗa shi babban sarkinsu duka, don haka waɗansu dattawa ba su taɓa yarda da sarautarsa ba, suna cewa ɗan Turawa ne. Shi kuwa ya lura masu shanu na Teksas suna kiwo a ƙasarsu kyauta, ya ga ba shi da ƙarfin hana su, sai ya goyi bayan a ba su haya su riƙa biyan kuɗin ciyawa, ana raba wa jama'a. Shi kansa ya sami rabo mai tsoka, ya tara shanu, ya gina katafaren gidan bene kusa da Cache, da manyan taurari a zane bisa rufinsa. Masu zarginsa da cin moriyar abin ba su rasa hujja ba, amma a ganina da ya ƙi, da ciyawar ta tafi a banza.

Ya karɓi waɗansu al'adun Turawa, ya ƙi waɗansu. Ya sa 'ya'yansa makaranta, yana kuma matsa wa mutanensa su sa nasu. Amma ya ƙi aske kitsonsa, ya ƙi shiga addinin Kirista, ya riƙe ibadar da a ke yi da wani tsiro mai suna peyote. Aka yi ta fama da shi ya saki matansa ya bar ɗaya, ya ƙi, har wannan ya jawo aka tuɓe shi daga alƙalancin kotun Indiyawa. Ni da na tashi a makarantar mishan na san abin da za a ce game da wannan, amma fa matan nan da 'ya'yansu, ina za su nufa?

Abin da wayonsa ya kasa tsarewa shi ne ƙasar. Yarjejeniyar Jerome ta 1892 ta ce a ba kowane mutum eka 160, sauran a sayar. Ya yi ta zuwa Washington yana neman a jinkirta, amma cikin 1901 aka buɗe ƙasar, baƙi suka kwararo. Cikin 1905 ya hau doki a bikin rantsad da Shugaba Theodore Roosevelt, har suka yi farautar kyarkeci tare.

Cikin 1910 ya sa aka ɗauko ƙasusuwan uwarsa daga Teksas aka binne kusa da gidansa. Ya rasu ran 23 ga Fabrairu 1911, aka sa shi a gefenta. Cikin 1957 aka mai da kaburburan nan biyu Fort Sill.